Namijin Dabino

Maharazu yana can sama, igiya a ƙugu, hannunsa cikin zarba yana matsa kwanson fure don ya ji ko ya kusa fashewa, sai aka ƙwala masa kira daga ƙasa.

"Baba! Baba mai dabino! Sauko mu yi magana."

Ya leƙo. Injiniya Sagiru ne, mai kula da ginin kamfani, da farar hular kwano a kansa da waya a hannu. A bayansa benaye uku ne a jere, kowanne hawa uku, an riga an sa wa biyu tagogi. Wajen nan duka gonar Maharazu ce har zuwa bara. Daga gero da wake ba abin da ya taɓa tsirowa a cikinta sai wannan dabino guda a gefe.

Ya sauko a hankali, don gwiwar ɗan shekara hamsin da takwas ba ta son gaggawa. Suka gaisa. Injiniya ba marar kunya ba ne; sai da ya tambayi iyali kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, gobe da safe katafila za ta zo. Bene na huɗu za mu haƙa wa tushe, nan kuma wajen ajiye motoci ne. Na ce in gaya maka, ko kana son icen."

"Wane ice?"

"Wannan mana."

"Injiniya, ai gona na sayar muku. Ban sayar da itace ba."

Haka abin yake a Gidan Marwa tun kafin birnin Dutse ya miƙo ƙafa ya iso su. Mutum yana iya sayar da gona, ɗorawar da ke ciki ta zauna ta ƙanwarsa, tsamiyar ta gwaggonsa. In ba a ambaci itace a gaban shaidu ba, to bai shiga ciniki ba. Shi ya sa ranar cinikin Maharazu bai ce uffan a kan dabinon ba. A ganinsa shirun nan shi ne ya tsare shi.

Injiniya ya latsa waya, ya buɗo hoton takardar, ya faɗaɗa shi da yatsu biyu. "Ga shi nan da Turanci. Fili da duk abin da ke kansa. Ga sa hannunka, ga na mai unguwa." Ya ɗaga kai ya dubi bishiyar. "Kuma tsakani da Allah, Baba, shekara guda ina nan, ban taɓa ganin ɗan dabino ko ƙwaya ɗaya a kanta ba. Me ake da ita?"

"Namiji ne. Namiji ba ya 'ya'ya."

"To ka gani."

Maharazu ya nuna masa unguwa da hannu. A bayan katangun ƙasa kawunan dabino ne birjik, kusan sittin, a gidaje da lambuna. Duka mata ne. In sanyi ya shigo kwanson namiji ya fashe, sai Maharazu ya yanko furen, ya shanya shi a zaurensa, ya bi bishiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya yana hawa, yana ɗaura sili biyu ko uku a tsakiyar furen kowace mace. In ba a yi haka ba, 'ya'yan su fito ƙanana ba ƙwallo, su yanƙwane su zube. Da can maza biyar ne a yankin. Huɗu sun tafi ƙarƙashin gidajen ma'aikata da wani otal, don duk wanda ya zo ƙiyasin itatuwa mai 'ya'ya kaɗai yake ƙirgawa.

"Sai ku dasa wani," in ji Injiniya.

"In ka shuka ƙwallo, shekara shida kafin ka san mace ce ko namiji. Wannan kuma ya tsufa, ya daina fitar da 'ya'ya a gindi balle a cire a dasa. Sati biyu ya rage ya buɗe, Injiniya."

"Wallahi na ji maka. Amma ni ma aiko ni aka yi." Ya mai da wayar aljihu. "Ƙarfe takwas katafila za ta iso."

Gidan Maharazu yana nan kusa, taku kamar ɗari daga gindin bishiyar, zaurensa ya turo gaba ya bar 'yar siririyar hanya da sai babur. Ya tarar da matarsa Talatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata.

"Na ce maka ka kai takardar nan a karanta maka," ta ce, ba ta daina tankaɗen ba. "Ka ce kai ka san ciniki tun ana yinsa da goro."

"Na ji. Yanzu ya za a yi?"

"Ni ka tambaya? Ni dai na san bishiya uku gare ni, da su nake yi wa jikoki kayan Sallah. Iya Bintu bakwai gare ta, ba ta da kowa sai su. Tashi ka tafi sakatariya, Malam. Kowace shekara suna zuwa karɓar haraji, yau dai su gan ka da naka buƙatun. Kuma ka canza rigar nan, duk ƙaya ce."

Ya hau acaɓa. Hanyar da ya sani da gonakin gyaɗa yanzu bulo ne hagu da dama, wasu ginin ya kai linta an bar shi, wasu an kafa allo ana neman 'yan haya. Duwatsun garin ne kawai suke inda ya san su, su ma an fara cin gindin wasu.

A sakatariyar ƙaramar hukuma ya sha zagaye. Sashen noma suka ce maganar fili ce, ba ta itace ba. Wani a ofishin ayyuka ya ce maganar gini ce, ya tafi hukumar jiha. Har aka kira azahar yana riƙe da hularsa a baranda. Bayan an idar da salla wani tsohon masinja, wanda suka haɗa sahu, ya ji labarin, ya kama hannunsa ya kai shi wani ɗaki a ƙarshen gini.

"Malama Safina, ga baƙo. In ke ma kin tura shi gaba, sai dai ya faɗa kwata, don ba sauran ƙofa."

Mace ce da ba ta wuce arba'in ba, da tabarau, jami'ar filaye. Tana cin gyaɗa a kan wani fayil. Ta share ɓawon, ta ba shi kujera, ta saurare shi har ya gama ba ta katse shi ba. Ta tambaye shi abu biyu a kan furen, yadda ake shanya shi da kwana nawa yake yi bai lalace ba, tambayar wadda take son sani.

"Baba, ba zan ruɗe ka ba," ta ce. "Takardar nan da ka sa wa hannu ta ci bishiyar. Izinin gini kuma ba mu muke bayarwa ba, na jiha ne. Mu abin da ya rage a hannunmu kaɗan ne: kasuwa, maƙabarta, mashayar dabbobi, burtali." Ta tsaya. "Ka ce Gidan Marwa? Ta wane gefe bishiyar take?"

"Gabas da gonar. Daf da iyaka."

Ta tashi ta jawo wata doguwar durowa ta ƙarfe, ta yi ta ɗaga takardu har ta zaro wata taswira da ta yi ja don tsufa, an lallaɓe ninkinta da salatif. Ta shimfiɗa, ta danne kusurwoyin da kofi da stafila. Ta bi wasu layuka biyu da bakin biro.

"Ka ga wannan? Burtali ne. Ya taso daga titi ya gangara fadama, faɗinsa taku talatin. Wanda ya zana ya sa alamar dabino guda a cikinsa, ga ta nan. In bishiyarka ce wannan, to ba a gonarka take ba, Baba. A kan hanyar shanu take. Hanyar shanu kuwa ba mai sayar da ita, ba mai saye."

Maharazu ya dubi layukan biyu. Ba ya karanta taswira, amma wannan bai buƙaci a karanta masa ba.

Ya san burtalin. Yana yaro shanu suna bi ta nan safe da yamma, shingen bini-da-zugu hagu da dama, dabinon yana tsaye a wajen shingensu, ba a ciki ba. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai salla da azumi, bai taɓa ɗaukar ko zangarniyar wani ba. Amma duk damina in an zo huɗa sai ya ƙara kunya ɗaya ta gefen burtali. Kunya ɗaya kawai. In rani ya yi a tumɓuke shingen a matsar da shi, Maharazu ne ma yake riƙe masa itacen. Maƙwabcin da ke ɗaya gefen shi ma yana yin nasa. Wata shekara wani Ardo ya tsaya a bakin gonar, ya jingina da sandarsa, ya ce, "Malam, hanyar nan tana ramewa." Mahaifinsa ya yi dariya ya ba shi goro. Shekarar da Maharazu ya yi aure, burtalin ya koma 'yar hanyar ƙafa, Fulani sun canza hanya, dabinon ya daɗe da shigowa cikin gona.

Ya sha tambayar kansa, musamman in yana can sama shi kaɗai, ko abin da aka ɗauka kunya-kunya cikin shekara ashirin sata ne, tunda ba ranar da mutum zai nuna ya ce yau aka yi ta. Bai taɓa samun amsa ba, bai kuma taɓa tambayar malami ba, don yana tsoron malamin yana da ita.

"In ka rubuta koke," Malama Safina ta ci gaba, "shugaban sashenmu yana nan yau, zai sa hannu, in fita da tef in auna. In ta tabbata, mu ba kamfani takardar dakatarwa a kan wannan yankin. Amma akwai abin da ke damuna." Ta buɗe wayarta, ta nuna masa hoton unguwar daga sama, ta ajiye kusa da taswirar. "Tef ba ya zaɓe. In na auna, daga titi zan fara har fadama. Ga wani gida nan a bakin burtalin, zaurensa gaba ɗaya a kan hanya yake. In na buga wa kamfani jan fenti, dole in buga masa. Ban san ko wane bawan Allah ne ba, yana zaune lafiya mu jawo masa rushau. Ka san mai gidan?"

Maharazu ya dubi ɗan murabba'in da ke kan wayar. Daga sama ashe haka kwanonsa ya yi tsatsa. Da hannunsa ya gina zauren nan, shi da abokansa, da ƙasar da suka kwaɓa da ƙafa. A nan aka ɗaura auren 'ya'yansa mata uku. A nan aka shimfiɗe mahaifinsa kafin a kai shi. Yana iya cewa bai san mai gidan ba, ya yi sallama ya fita, ya je ya ce wa Talatu hukuma ta ce ba abin da za ta iya. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya, don rabin maganar gaskiya ce.

"Nawa ne," ya ce.

Ta cire tabarau. "Naka?"

"Ni na gina shi. Na kuma san a kan me na gina shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta fara naɗe taswirar a hankali. "Baba, ban ji ka rubuta komai ba tukuna. Takardar nan shekara arba'in tana durowa ba wanda ya tambaye ta. In ka tashi ka tafi, ta koma inda take. Kuma ka sani, kamfani yana iya juyowa kanka, tunda ka haɗa musu da abin da ba naka ba."

"In na tafi, bishiyar fa?"

"Gobe ƙarfe takwas."

Ya juya hularsa a hannu sau biyu. Abin da ya fi ba shi mamaki, matar nan ba ta san shi ba, ba ta ci ko ƙwayar dabinonsa ba, amma ta buɗe masa ƙofar shiga ta kuma bar masa ta fita a buɗe.

"Ba ni da boko, 'yata. In na faɗa kya rubuta?"

Ta jawo farar takarda. Ya faɗa, ta rubuta, ta karanta masa daga farko har ƙarshe da Hausa, ta sake karantawa. Ya sa hannu da ajami.

Bayan la'asar suka iso Gidan Marwa a tsohuwar motar ofis, ita da wani ma'aikaci mai ɗauke da tef da gwangwanin fenti. Aka kira mai unguwa. Kafin a ja tef sau uku unguwa ta fito, mata suna leƙe ta kan katanga. Suka tono wani turken siminti a bakin titi, wanda kowa ya ɗauka dutse ne, daga nan aka fara. Tef ya bi ta tsakiyar zauren Maharazu, ya fita ta baya, ya miƙe. Da aka iso dabinon, sai ga shi taku shida a cikin burtali.

Injiniya Sagiru ya karɓi takardar dakatarwa ya karanta, fuskarsa ta ɓaci.

"Baba, haka za mu yi da kai? Da safe muka rabu lafiya, ka je ka ɗauko mana hukuma?"

"Kaina na ɗauko wa, Injiniya. Dubi can."

Ma'aikacin yana tsaye a jikin zauren, yana zana babban gicciye ja a kan bangon da Talatu ta yi wa yaɓe bara. Injiniya ya duba, ya sake duba takardar, ya koma gefe ya kira mai kamfani. Ya daɗe yana magana, yana nuna zauren da hannu kamar wanda ke wayar yana gani. Da ya dawo, fuskar ta sake, ya nufi Malama Safina.

"Hajiya, in an cire zauren nan, hanyar za ta buɗe har titi ke nan? Kowa yana iya bi?"

"Hanyar jama'a ce. Ba dai a gini a kai, ba a sare abin da ke kai."

"Mota fa?"

"Ban ga inda aka hana ba."

Injiniya ya yi 'yar dariya. Wata shida ke nan suna neman ta inda motocin benayen baya za su riƙa fita, har sun yi tunanin rushe shagunan da suka gina a gaba. "Alhaji ya ce a bar maganar taku shidan. Mu matsar da wajen motoci. Bishiyar kuma a zagaye ta da bulo kada a goge ta." Ya juyo ga Maharazu. "Baba, ka ce sati biyu? In ta buɗe ka kira ni in ga yadda ake yi. A gidanmu a Ringim akwai wata da ba ta taɓa yin abin kirki ba, ashe miji ta rasa."

Mutane suka yi dariya. Maharazu ma ya yi, amma ransa yana wani wajen. Ga hanyar shanu za ta dawo bayan shekara arba'in, ba kuwa saniyar da za ta bi, don can gangaren fadamar ma an kewaye shi da katanga. Motocin 'yan haya ne za su more ta. Wanda ya fi kowa samu a gaskiyar da ya faɗa yau shi ne mai kamfanin da bai taɓa gani ba. Ya juya abin ta kowane gefe bai ga ya daidaita ba. Sai ya ɗaga kai, ya ga kwanso huɗu a cikin zarba, sun kumbura, gobe ma suna nan.

Malama Safina ta sa aka rubuta lamba da farin fenti a jikin bishiyar. Ta ce masa yana da wata guda ya kwashe zauren da kansa, don ya tsira da kwanonsa da azararsa.

"To yanzu da ta zama ta hukuma," ya ce, "wa zan riƙa tambaya kafin in hau?"

"Ni dai kada ka tambaye ni, Baba, tsoron tsani nake ji. Zan rubuta kai ne mai kula da ita. Ba albashi."

Ya raka ta har mota. Ya yi mata godiya, ya yi wa iyayenta addu'a, ya sake yin godiya ta taga, har direba ya ja yana ɗaga hannu.

Talatu tana tsaye a ƙofar zauren da mayafi, tana duban jan fentin da bai bushe ba. Iya Bintu ta aiko da kwanon fura, yana ajiye a dakali.

"Malam," ta ce, "ni dai tunda nake ban taɓa ganin wanda aka shafa wa jan fenti ya bi mota yana godiya ba. Baƙinka a ina za su zauna? Furen a ina za ka shanya?"

"A tsakar gida, in kin ba ni aron igiyar shanyarki."

"Ka ji shi. An rushe nasa, ya dawo kan nawa." Ta shafa bangon inda fentin bai kai ba. "Ka san da ma a kan hanya yake?"

"Na sani."

"Shekara talatin da biyar ba ka gaya mini ba."

"Ba wanda ya zo da tef," ya ce.

Ya zauna a dakali ya sha furar. Da ya gama, ya ce ta miƙo masa guduma, ya fara da cire ƙusoshin ƙyauren zauren.